Da wanne zan fara: na'urar dumama gida ko gyaran ginin kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni magidanci ne, kuma kuɗin wutar lantarki da na gas suna cin babban kaso na abin da nake samu, musamman a watannin sanyi da muke dumama ɗakuna da ruwan wanka. Wani mai sayar da kayan aiki ya ba ni shawarar in sa famfon zafi, wato na'urar da ke jawo zafi daga waje zuwa cikin gida, ko kuma tankin ruwan zafi mai aiki da rana, har ya ce zan iya biya kaɗan-kaɗan. Shin waɗannan na'urori suna rage kashe kuɗi da gaske, kuma da wanne ya kamata in fara?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Na'urorin biyu suna iya rage kashe kuɗi, amma ba da ɗayansu nake so ka fara ba. Duk na'urar da ke dumama gida, aikinta shi ne mayar da zafin da gidan yake zubarwa ta rufi da bango da tagogi da ƙarƙashin ƙofa, saboda haka girman na'urar da za ka saya da makamashin da za ta ci duka sun dogara ne ga yawan wannan asarar. Wanda ya sa sabuwar na'ura a gidan da bai gyara ba kamar mai ƙara ɗebo ruwa ne yana zubawa a tulu mai yoyo.

Kafin ka kashe ko sisi, ka tattara takardun biyan kuɗin wuta da na gas na shekara guda, ka duba yawan yunit ɗin da aka sha a kowane wata, ba kuɗin da aka biya kawai ba, domin farashi yana canzawa alhali yunit ba ya canzawa. Bambancin da ke tsakanin watan da ba a dumama komai da watan da sanyi ya tsananta shi ne, a ƙiyasi, abin da dumama ɗakuna ke ci maka. Yunit ɗaya shi ne abin da na'ura mai wat 1,000 take sha a cikin awa guda. Hita mai wat 2,000 da ta yi awa biyar a kunne ta sha yunit 10, alhali ƙwan LED mai wat 9 sai ya yi fiye da awa 1,100 yana ci kafin ya sha haka. Na sha ganin iyalai suna faɗa a kan fitilar da aka bari a kunne, hitar ruwa kuwa tana aiki dare da rana babu wanda ya kula da ita. Abubuwan da ke samar da zafi ko sanyi su ne masu cin kuɗi, kuma a kansu ya kamata hankalinka ya tsaya.

Akwai ragin da ba ya buƙatar sayen komai. A shekarar 2022 Hukumar Makamashi ta Duniya ta bayyana cewa rage zafin gida da digiri ɗaya kacal yana rage kusan kashi 7 cikin 100 na makamashin da ake dumama shi da shi. Sai dai ragin yana da iyaka, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada zafin cikin gida ya gaza digiri 18 a ma'aunin Selshiyas a lokacin sanyi, kuma tsofaffi da jarirai da marasa lafiya suna iya buƙatar fiye da haka. Tsofaffin ƙwayayen fitila masu zaren ƙarfe kuma a musanya su da LED, wanda ke ba da haske iri ɗaya da abin da bai kai rubu'in wutar ba.

Daga nan sai ginin kansa, kuma a nan ne nake ganin kuɗinka zai fi yin aiki. A fara toshe kafofin da iska ke kutsowa ta cikinsu a gefen tagogi da ƙofofi da wuraren da bututu ya ratsa bango, aikin da robar liƙi da ɗan ƙwazo suke isa a gama shi. Bayan haka sai saman silin. A Birtaniya an ƙiyasta cewa gidan da ba a sa masa abin tare zafi ba yana asarar kusan rubu'in zafinsa ta rufi, da kusan sulusi ta bango. Abin da ake shimfiɗawa, ko audugar gilashi ce ko allon kumfa, yana aiki ne ta hanyar riƙe iska a cikin ƙananan ramuka ta kasa motsi, ita kuwa iskar da ba ta motsi ba ta wuce da zafi da sauri. Wannan shimfiɗa ba ta da injin da zai lalace, ba ta shan lantarki, kuma a lokacin bazara tana hana zafin rufi saukowa ɗaki, ta yadda na'urar sanyaya ɗaki ma za ta rage aiki. Canza tagogi zuwa masu gilashi ninki biyu yana da amfani, amma tsadarsa takan sa ya daɗe bai mayar da kuɗinsa ba, don haka na fi son a bar shi a ƙarshe sai idan tagogin sun riga sun lalace. Gidan gwaji da aka kammala a birnin Damstad na Jamus a 1991 ya nuna inda wannan hanya za ta iya kaiwa, domin ma'aunin da aka gina shi a kai shi ne kada dumama kowace murabba'in mita ta wuce yunit 15 a shekara.

Dole in yi maka gargaɗi a nan, domin batu ne na rai. Toshe kafofin iska ba yana nufin rufe hanyoyin shan iska da aka yi da gangan ba. Duk ɗakin da ake ƙona gas ko itace ko gawayi ko kananzir a cikinsa yana buƙatar iska mai shiga da hanyar fitar hayaƙi, in ba haka ba iskar kabon monoksaid za ta taru, wadda ba ta da launi ko wari, kuma tana kashe mutane cikin barci. Ka sa na'urar da ke yin ƙara idan ta ji wannan iska, ka kuma bar wa kicin da banɗaki hanyar fitar da tururi don kada danshi ya kama bango.

Idan an gama wannan, tankin ruwan zafi mai aiki da rana shi ne mafi sauƙin lissafi. Ɗaga zafin ruwa lita 100 daga digiri 20 zuwa 60 yana cin kusan yunit 4.7, kuma idan ka ninka wannan da yawan ruwan da iyalinka ke amfani da shi a shekara za ka ga abin da rana za ta iya ɗauke maka. Farantin da ke dumama ruwa kai tsaye yakan kama fiye da rabin ƙarfin hasken da ya sauka a kansa, alhali farantin sola mai samar da lantarki kusan kashi 20 cikin 100 yake mayarwa wuta. Fasahar ta daɗe da tabbata: Isra'ila ta wajabta ta a yawancin sababbin gidaje tun 1980, kuma a tsibirin Saifurus mafi yawan gidaje da ita suke dumama ruwa. Rauninta shi ne rana ta fi ƙaranci a daidai lokacin da aka fi son ruwan zafi, shi ya sa take buƙatar hitar ko-ta-kwana, shi ya sa kuma ban cika ba da shawarar a dogara da ita wajen dumama ɗakuna ba. A riƙa kai ruwan tankin digiri 60 don kashe ƙwayar cutar lejiyonela mai haddasa ciwon huhu, a kuma naɗe tankin da bututunsa da abin tare zafi.

Famfon zafi shi ne ya fi dacewa da dumama ɗakuna. Aikinsa irin na firji ne, domin shi ma yana da kwamfireso da gas mai zagayawa a cikin bututu, sai dai shi yana kwaso zafin da ke cikin iskar waje ko cikin ƙasa ne ya shigo da shi gida. Tunda ɗauko zafi yake yi ba ƙirƙirarsa ba, yunit ɗaya na lantarki yakan ba da yunit uku zuwa huɗu na zafi, alhali hitar lantarki ba ta taɓa wuce ɗaya. Masu cewa ba ya aiki a sanyi mai tsanani su dubi ƙasar Norwe, inda kusan kashi 60 cikin 100 na gine-gine suke da shi.

Duk da haka, ribarsa ta dogara ne ga abin da kake amfani da shi yanzu. Idan da hitar lantarki kake dumama gida, ragin babba ne kuma a fili yake. Idan kuwa da na'urar zamani mai ƙona gas ta dumama ruwa ce, wadda ke mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na gas ɗinta zafi, to sai ka kwatanta farashin yunit ɗin lantarki da na gas: muddin na lantarki ya ninka na gas fiye da sau uku da ɗan kai, famfon da ke ba da uku a kan ɗaya ba zai rage maka kuɗi ba. Haka kuma ingancinsa yana ƙaruwa ne idan ruwan da yake turawa cikin bututun ɗakuna bai wuce digiri 35 zuwa 45 ba, kuma ruwa mai wannan ɗumi ba ya wadatar da gidan da ke zubar da zafi. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa na ce a gyara ginin tukuna, domin bayan gyara ƙaramin famfo mai rahusa zai ishe ka.

Murhun zamani mai ƙona itace ko dunƙulen garin katako shi ma hanya ce, matuƙar danshin itacen bai wuce kashi 20 cikin 100 ba kuma bututun hayaƙin yana da kyau, amma hayaƙinsa yana gurɓata iska, don haka ban fifita shi a unguwa mai cunkoso ba.

Game da biyan kaɗan-kaɗan, ka haɗa kuɗin na'urar da na sakawa da duk ƙarin da za a ɗora maka saboda jinkirin biya da kuɗin gyaran shekara-shekara, sannan ka raba jimillar da abin da za ta rage maka a shekara. Adadin da ya fito shi ne shekarun da za ta ɗauka kafin ta mayar da kuɗinta, kuma idan ya kusanci tsawon rayuwar na'urar, wanda ga famfon zafi yakan kai shekara 15 zuwa 20, to cinikin bai yi ba. Ka nemi mai sayarwar ya auna asarar zafin gidanka ɗaki-ɗaki ya ba ka a rubuce, ya faɗi ingancin na'urar na tsawon shekara ba na rana mai daɗi ba, ya kuma nuna maka wanda zai gyara ta da inda ake samun kayan gyaranta. Ka karɓi farashi daga aƙalla kamfanoni uku, ka kuma bincika ko gwamnatin ƙasar da kake zaune tana ba da tallafi ko rangwamen haraji a kan irin wannan aiki kafin ka sa hannu a kowace takarda.