Burbushin ƙarfe a cikin mai: na ci gaba da tuƙi ko na ajiye motar?

Malam, ka ce da aka kwance kwanon da ke ƙasan giyar motarka an ga burbushin ƙarfe, kana tambaya ko giyar ta tashi aiki.

Ya danganta da irin burbushin. Galibin motoci masu giyar atomatik akwai maganaɗisu a kwanon nan, aikinsa ke nan kama ƙurar ƙarfe. Ka murza abin da ɗan yatsa. In ya yi laushi kamar kwalli, launin toka, wannan cin yau da gobe ne, kada ya hana ka barci. In kuwa ka ji tsini, ko ka ga ɓarɓashi mai ƙyalli, wani abu na gugar ɗan'uwansa a ciki.

Sai ka gwada da maganaɗisu. Wanda ya manne baƙin ƙarfe ne, sau da yawa daga haƙoran giya ko boris. Wanda bai manne ba alminiyom ne ko tagulla.

A baƙin man inji kuwa lamarin ya fi tsanani. Ƙyalli mai launin jan ƙarfe alama ce boris ɗin karanshaf (babban sandan ƙarfen da ke juyawa a cikin inji) ya cinye, inji na dab da bugawa.

Kuskuren da na fi gani shi ne a juye sabon mai a ci gaba da tafiya, ko a zuba maganin da wai yana gyara inji. Ba ya mayar da ƙarfen da ya tafi. Kada ka zubar da burbushin, ka kai wa makanike shi tare da tsohuwar filta ya yanka ya duba, ya kuma auna ƙarfin da famfo ke tura mai da shi kafin ka sake hawa titi.