Muryar da aka tura: kan sauya tsohuwar manhaja a dare ɗaya

Assalamu alaikum jama'a. Injiniya, na saurari saƙonka. Ka ce ma'aikatarku za ta ajiye tsohuwar manhajar da ke riƙe da albashi da bayanan ma'aikata da lissafin kuɗi, a kwashe komai a zuba cikin sabuwa daga daren Juma'a zuwa safiyar Litinin. Don Allah, ɗan'uwana, ka tsaya tsayin daka kada a yi haka.

Ka ji abin da ya sami bankin TSB a Birtaniya. Bankin Sabadell na Sifaniya ya saye shi a 2015, amma duk asusun mutane suna kan kwamfutocin bankin Lloyds, ana biyan haya. Sai suka gina sabon tsari, suka kwashe bayanan kwastomomi sama da miliyan 5 a ƙarshen mako guda, watan Afrilu 2018. Bayanan kam sun isa lafiya, ka lura da wannan. Tsarin ne ya kasa ɗaukar jama'a da aka buɗe. Mutum ya buɗe wayarsa ba ya iya shiga, wani ya shiga ya tarar da asusun wani a gabansa, 'yan damfara kuma suka samu ƙofa. Shugaban bankin, Paul Pester, ya sauka a Satumba, abubuwa ba su daidaita ba sai Disamba. A 2022 hukumomi suka ci su tarar fam miliyan 48.65.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: cibiyoyin ajiye bayanai biyu suka gina, ya kamata su zama iri ɗaya sak, ashe saitinsu ya bambanta. Gwajin ɗaukar nauyi kuma, wato gwada ko tsarin zai iya ɗaukar jama'a da yawa a lokaci guda, a cibiya ɗaya kawai aka yi shi. Kuma da suka sauya, babu hanyar komawa tsohon tsarin. Banki ne fa, da kuɗi da ƙwararru.

To me za ku yi? Ku fara zama ku zana komai a takarda: wace manhaja ce ke karɓar bayani daga wace, wane sashe ne ke da ikon gyara sunan ma'aikaci ko matakin albashinsa. Tsohon tsari kullum yana da ayyukan ɓoye, wani ɗan rahoto da yake turawa ofishin fansho ƙarshen wata, wanda ya rubuta shi ya yi ritaya, babu wanda ya tuna sai ranar da bai zo ba.

Sannan ku sa ƙofa ɗaya a gaba, wato wata 'yar manhaja a gaban tsarin biyu, duk buƙata ta bi ta nan, ita ke raba wa tsoho da sabo aiki. Ku fara da sashen da ko ya tsaya ba wanda zai kwana da yunwa, kamar neman hutu. Albashi ya zo ƙarshe, shi ma a riƙa lissafa shi a tsarin biyu tare na wasu watanni, ana gwada sakamakon kobo da kobo.

Kamfanin da zai yi muku aikin, ka tambaye su gaban shugabanni: in abu ya lalace ranar Litinin da safe, awa nawa za mu ɗauka mu koma tsohon? A rubuta amsar cikin kwangila. In kun gama zanen, ka ɗauki hotonsa ka turo nan mu duba tare. Allah ya taimaka.