Ɗana Ya Ce Kiɗan Fim Zai Yi

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana ya gama sakandare, amma kullum yana ɗaki da fiyano da kwamfuta, wai shi mai tsara kiɗan fim da talabijin zai zama. Babansa ya ce wannan roƙo ne aka sake wa suna. Don Allah sana'a ce ta gaske, ko in goyi bayan babansa?
Wata uwa daga Aboabo, Kumasi

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. Sana'a ce, kuma mai ita ba ya bin kowa da kirari. Na daɗe ina haɗa sauti a wani situdiyo a Asawase, don haka bari in faɗa miki abin da idona ya gani.

Idan edita ya gama haɗa fim, darakta kan zauna da mai kiɗa su kalla tun daga farko, suna tsayarwa suna cewa nan kiɗa zai shiga, nan zai fita. Daga nan sai mai kiɗa ya kulle kansa. Misali, in uwa ta ji labarin rasuwar ɗanta a fim, shi zai yanke ko sarewa ce ta dace, ko goge, ko a bar wurin shiru. Ni a wurina wannan shirun ne ke nuna gwani. Yaranmu da yawa, har a finafinan Kumawood, wato masana'antar fim ta Kumasi, kan cika fim da kiɗa har ya danne maganar 'yan wasa, abin yana ci mini rai.

Tunda gidajenmu na Zango ba sa rabo da fim ɗin Indiya, ki ba babansa labarin A.R. Rahman, mai tsara kiɗan finafinan Indiya. A Madras aka haife shi a 1967. Yana ɗan shekara 9 mahaifinsa ya rasu, gidan ya koma cin abinci da hayar kayan kiɗan marigayin. Ya yi shekaru yana danna fiyano a ƙarƙashin manya irin su Ilaiyaraaja, yana kuma yin kiɗan talla, kafin a ba shi fim ɗin Roja a 1992. A 2009 ya karɓi kyautar Oscar har guda 2. Waɗancan shekarun na zama yaron wani nake so ɗanki ya duba, domin su ne matasa ke son tsallakewa.

Ba zan ɓoye miki ba, kuɗin ba sa zuwa a kan kari. Furodusa zai karɓi aiki ya ce sai fim ya fita, shi ke nan ka ji shiru. Saboda haka kada yaron ya miƙa kiɗa sai da yarjejeniya a rubuce, a kuma biya shi wani abu tun farko. Ya yi rajista da GHAMRO, masu karɓar wa mawaƙa haƙƙinsu daga gidajen rediyo da talabijin. Dokar haƙƙin mallaka ta Ghana ta 2005 tana bayansa.

Shawarata, ku yi sharaɗi da shi a gaban babansa. Karatu ba zai tsaya ba. In fim ɗin yake so da gaske, akwai makarantar koyon aikin fim da talabijin a Accra, wadda aka kafa a 1978 da sunan NAFTI, ana koyar da aikin sauti a can. Kafin nan ki nemo situdiyon da kika yarda da tarbiyyar mai shi, ki kai shi da kanki, ya riƙa dawowa gida kafin isha'i.