Tambaya da Amsa: Taronmu ya koma maganar kuɗin ƙungiya

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar kimiyya ce a wata sakandare a Gombe. Mun kafa ƙungiyar malaman kimiyya, amma duk zaman da muka yi, maganar kuɗin wata-wata da karanta rahoton zaman baya ke cinye lokaci, har wasu sun fara ja da baya. Shin manyan ƙungiyoyin kimiyya na duniya ma sun sha wannan wahala?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Sun sha ƙwarai. Ɗauki Royal Society ta Landan, wadda mutum 12 suka kafa ranar 28 ga Nuwamba 1660. Sule ɗaya suka yanka wa kowane mamba a mako, amma da yawa ba sa biya, bashi ya yi ta taruwa. A 1686 suka buga wani ƙaton littafi a kan kifaye, bai sayu ba, asusu ya yi ƙasa. Magatakardansu Edmond Halley, da littafin nan aka ce za a biya shi albashi. Shi ne kuma ya ciro kuɗi daga aljihunsa aka buga babban littafin Isaac Newton a 1687. Wannan labari yana taɓa min zuciya, domin na taɓa riƙe sakataren wata ƙungiya a nan Bauchi, na san nauyin bin mutane gida-gida da littafin rasit.

To me ya hana ta rushewa? A ganina, raba aiki da suka yi. Takardar izinin da Sarki Charles na Biyu ya ba su a 1662 ta tanadi majalisar gudanarwa mai mutum 21, ana zaɓe duk ranar 30 ga Nuwamba. Kuɗi da dokoki, can ake tattauna su. Zaman mako-mako kuwa na ilimi ne, har suka naɗa Robert Hooke a 1662 musamman don ya riƙa kawo gwaje-gwaje kowa ya gani da idonsa. Sakatare Henry Oldenburg yana ta rubuta wasiƙu ga masana a ƙasashen Turai, a 1665 ya fara fitar da mujallar da har yau ba ta daina fitowa ba.

Ku kuma kula da wa'adi. Joseph Banks ya riƙe shugabancinsu daga 1778 har ya rasu a 1820. Yanzu shekara biyar shugaba yake yi ya sauka.

Shawarata, Malama, ku zaɓi mutum biyar zuwa bakwai, da ma'aji da sakatare a cikinsu, su riƙa zama daban kan kuɗi, su kawo rahoton minti biyar. A tura rahoton zaman baya ta WhatsApp kowa ya karanta tun a gida. A zama na gaba, sa mutum ɗaya ya zo da ruwan rijiyar unguwarsu da na famfo, ku gwada su tare, ku rubuta abin da kuka gani da kwanan wata.