Zaki mai roɗi-roɗi: akwai shi, ko labarin maharba ne?

Tambaya: Tsofaffin maharba a wajenmu, Alƙaleri, suna ba da labarin wata dabba mai girman zaki, amma jikinta roɗi-roɗi irin na damisa. Da gaske akwai ta?

Amsa: Malam, ba ku kaɗai ke da wannan labari ba. A tsaunukan Kenya ana ce mata marozi, har wani manomi Bature ya harbe guda biyu a 1931. A gaɓar tekun Tanzaniya kuma akwai mngwa, wadda aka ce toka-toka ce mai girman jaki. Har yau ba a kama ko ɗaya da rai ba.

Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne matashin zaki. Da ɗigo-ɗigo ake haihuwar ɗan zaki, su riƙa dusashewa yana girma, wani kuwa su daɗe masa a ciki da ƙafafu. Ga shi zakin Afirka ta Yamma, irin na Yankari, gezarsa ba ta da yawa. Wanda ya haska irin wannan da tocila cikin dare, dole ya rantse ya ga baƙuwar halitta. Masana ma sun taɓa ruɗewa: a 1927 suka ayyana wani rabbi (wato cheetah a Turance) mai zane-zane a gadon bayansa a matsayin sabon jinsi, sai a 1981 rabbi na yau da kullum suka haifi irinsa a Afirka ta Kudu.

Amma kada a raina maganar maharbi. An daɗe ana zaton damisa ta ƙare a Yankari, sai kyamarar da aka ɗaura a daji ta ɗauki hoton namiji a 2017.

In aka kashe muku dabba, duba sawu da sassafe kafin shanu su tattake. Zaki da damisa ba sa nuna farce, kuma bayan tafin ya rabu uku. Kura tana nuna farce, nata ya rabu biyu. Tsawon sawun babban zaki yakan kai santimita 12 zuwa 14, na damisa 7 zuwa 9. Taɓo da yashi mai laushi suna buɗa sawu, haka in ƙafar baya ta faɗa kan ta gaba, nan ne ƙaramar damisa ke zama dodo. Saboda haka a auna sawu uku ko huɗu a ƙasa mai tauri, a ajiye kwalin ashana a gefe don a gane girman sawun, a ɗauki hoto daga sama a tsaye.

Sai a kai wa masu gadin Yankari hoton. Don Allah kada a zuba guba a mushe. Zakunan da suka rage a Najeriya, a Yankari da Kainji kawai suke, kuma mushe ɗaya mai guba kan kashe zaki da kura da ungulu gaba ɗaya.