Haya a ƙaramin gari, aiki a birni

Kana tambaya ko ya dace ka kama haya a ƙaramin gari marar hayaniya alhali aikinka yana babban birni. Ya dace, ɗan'uwa, musamman da yake kana da iyali. Galibi haya ta fi sauƙi, gidajen sun fi yalwa, yara kuma su samu wurin wasa.

Amma ka duba hanya kafin ka biya. Ka bi ta da sassafe ranar aiki, ba ranar hutu ba, ka ga cunkoson da idonka, sannan ka tambayi ƙarfe nawa motar ƙarshe take komawa da dare. Na zauna irin wannan wuri, kuɗin mota ya kusa cinye rarar da nake samu a haya. Ka haɗa lissafin biyun tukuna.