Kwamfutata tana mutuwa ta sake kunna kanta

Tambaya: Malam, ni ɗalibi ne a Tawa. Kwamfutata ta tafi-da-gidanka tana mutuwa ta sake kunna kanta ina tsakiyar aiki, musamman da rana. Mene ne maganin wannan?

Amsa: Ɗan'uwa, tunda ka ce da rana ne, zafi nake fara zargi. A watannin Afrilu da Mayu zafin Tawa yakan wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka da kafofin iska, kuma idan ƙwaƙwalwar na'urar, wato processor, ta yi zafi fiye da kima, kashe kanta take yi don kada ta ƙone. Ka taɓa gefen da iska ke fita. Idan ya ƙona yatsa ko fankar tana gurnani, sai ka kai wa mai gyara ya buɗe ta ya share, ya sauya man da ke sanyaya ƙwaƙwalwar. Ɗora kwamfutar a kan katifa kuwa, wanda ɗalibai suka saba, shi ne babban laifi, domin yana toshe kafofin iska.

Idan ba zafi ba ne, a duba batir da caja, domin caja ta jabu takan jawo haka. Wani lokaci kuma Windows ce ke sabunta kanta, sai ka saita mata awannin aikinka don kada ta sake kunna kwamfutar a lokacin. Kafin komai, ka kwafe takardunka a filashi.